Saƙo Bakwai Daga Baure

Akwai wani saurayi a cikin garin Daura mai suna Zakiyyu. Su biyu Allah ya ba mahaifiyarsu, wadda duk unguwa ke kira Iya: shi da yayansa Ma'aruf, wanda aka haifa da ciwon sikila.

Ma'aruf bai samu ƙarfin jiki ba, amma Allah ya ba shi kai. Rabin rayuwarsa a kwance ya yi ta, kuma a kwancen nan ya koyi rubuta manhajar kwamfuta, yana fama da littattafan Turanci, ƙamus a gefen matashinsa. Da ya iya, sai ya ce wahalar da ya sha kada wani ɗan Hausa ya sake shan irinta. Ya buɗe dandali a intanet, ya sa masa suna Rumfar Manhaja, ya shiga rubuta darussa da Hausa ɗaya bayan ɗaya.

Da wayarsa yake rubutawa, kai tsaye cikin dandalin, wani lokaci da hannu ɗaya, don ɗayan yana ɗaure da ƙarin ruwa. Cikin shekara huɗu ya rubuta darasi ɗari biyu da goma sha huɗu. Masu koyo daga Zango, daga Sandamu, har daga ƙetaren iyaka suka cika rumfar, wannan ya yi tambaya wancan ya amsa.

Shi ya koya wa Zakiyyu aikin. Zakiyyu ya fi shi saurin hannu, kuma ya san ya fi shi. Ma'aruf yakan dube shi ya ce, "Kai dai hannunka yana riga idonka tafiya. Saƙo baƙo ne, ƙanena. Bar shi ya zauna ka ji abin da ya kawo shi, sannan ka san ko ruwa za ka ba shi ko hanya za ka nuna masa."

Zakiyyu sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, da wannan tafiyar taka sai mu tsufa ba mu gama ba."

Ma'aruf bai tsufa ba. Ya rasu da damina, gero yana fitar da kai, yana da shekara ashirin da tara. Wayarsa aka goge ta, ta tafi cikin rabon gado. Rumfar ta dawo hannun Zakiyyu shi kaɗai.

A wajen zaman makoki wani malami ya yi wa mata nasiha, ya ce in mutum ya mutu aikinsa ya yanke, sai abu uku, cikinsu har da ilimin da ake amfana da shi. Iya ba ta yi boko ba, amma maganar ta zauna mata. Bayan an watse ta kira Zakiyyu ta ce, "Wannan rubutun da yayanka yake yi a waya, yana cikin wanda Malam ya faɗa?"

Ya ce, "Yana ciki, Iya."

Tun daga ranar, kullum bayan La'asar, tana zaune a tabarma tana tsintar wake ko tana gyaran kuka, sai ta ɗago ta ce, "Zakiyyu, yau mutum nawa suka je wajen yayanka?"

Sai ya duba ya ce, "Arba'in da uku, Iya."

Ta ce, "Allah ya kai masa."

Wata rana takan ce ya karanta mata kaɗan. Ba ta gane komai a aikin, muryar take nema, don Ma'aruf yadda yake magana haka yake rubutu. A tsakiyar darasi mai wuya sai ka ga ya rubuta, "Ɗan uwa kada ka tsorata, ni ma a nan na faɗi sau uku." Iya sai ta yi dariya, ta sa bakin zane ta goge ido.

Wata biyar bayan rasuwar, shara ta fara shigowa dandalin.

Ba mutane ba ne, na'ura ce wasu marasa tsoron Allah suke sakawa ta riƙa buɗe akawun da sunayen ƙarya. Kowane akawun sai ya zuba linki rututu, na caca, na magungunan banza, na hotunan tsiraici, sannan ya tafi ba ya sake dawowa. A ƙarƙashin darussan marigayi suke zubawa. Zakiyyu ya share ɗari da safe, kafin Azahar ya tarar da ɗari uku. Daga baya ma har sallama suka koya. Saƙo sai ya fara da "Assalamu alaikum ɗan uwa," ka buɗe ka ga abin da zai sa ka yi istigfari.

A shagon abokinsa Kabo yake aikin, mai gyaran waya a bakin tasha, don can ne ake samun wutar janareta. Kabo yana ganinsa ya shigo da kwamfuta a hammata sai ya ce, "Ga sarkin shara nan. A gyara masa benci."

"Kai dai ci gaba da ƙona wayoyin mutane."

"Ni in na ƙona ɗaya na ƙona. Kai kuwa kullum shara kake, kullum gidan yana ƙara datti. Ka nemi mataimaka mana cikin ƴan rumfar."

"Wa zai iya? Duk ƴan koyo ne."

Cikin ƴan koyon nan akwai wata Malama Adawiyya, mai koyar da lissafi a makarantar ƴan mata a Baure. Ta girmi Zakiyyu nesa ba kusa ba. Ta shigo rumfar ne don ta koya ta koya wa ɗalibanta. A wajensu sabis ba ya tsayawa. In ta rubuta saƙo ta danna turawa, sai abin ya yi ta juyawa, ita kuma ta sake dannawa. To dandalin yana da wata tangarɗa tun asali: duk dannawa ɗaya sai ya ɗauke ta sabon saƙo. Magana guda sai ta fito sau biyar, sau bakwai.

Ta taɓa sanar da shi a fili, cikin ladabi. Zakiyyu ya amsa mata a gaban kowa: "Malama, dandali lafiyarsa ƙalau. Ki canza waya, ko ki koya wa yatsanki haƙuri."

Samari suka yi ta jera alamar dariya a ƙasa. Ita kuwa ta rubuta, "Na gode, Allah ya ƙara basira." Wannan ma sau huɗu ya fito.

Ranar wata Alhamis maƙwabcinsu Alhaji Badaru ya yi sallama a ƙofar gida. Ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba. Ya ce, "Zakiyyu, ƴata ta buɗe karatun yayanka a gabana, abin da na gani a ƙasan shafin ba zan iya maimaita shi da bakina ba. Sunan marigayi a sama, ƙazanta a ƙasa. In ba za ka iya riƙe abin nan ba ka rufe shi. In kuwa na sake gani, gun mai unguwa zan kai maganar."

Iya ta ji komai daga cikin gida. Da Zakiyyu ya shigo ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ka tsabtace masa wurinsa."

Da yammar nan ya zauna ya rubuta ƴar manhaja da za ta yi sharar gaba ɗaya. Ƙa'idarta mai sauƙi ce: duk akawun na gama-gari da ya zuba linki sama da hamsin, kuma ya yi mako guda bai sake shigowa ba, a goge shi tare da duk abin da ya taɓa rubutawa. Ya sanar a dandali cewa ranar Asabar da hantsi za a yi babbar shara, ya kuma bayyana ƙa'idar don kowa ya ga ƙwarewarsa.

Kabo ya leƙo kafaɗarsa ya ce, "Ka duba sunayen da za ta ci?"

"Dubu uku da ɗari shida ne. Na duba shafin farko, duk su ne. Ko kai za ka karanta min sauran?"

"Allah ya sawwaƙe. To kwafin ajiya fa? Marigayi kullum Juma'a in mun sauko daga masallaci sai ya kwafe komai."

"Wannan tsohon yayi ne. Na sa abin yana kwafar kansa da kansa."

Ranar Juma'a da safe ya buɗe akwatin saƙonninsa. Akwatin layin farko kawai yake nunawa, sai ka danna ka ga saura. Ya ga saƙo bakwai a jere daga Malama Adawiyya, duka iri ɗaya: "Assalamu alaikum wa rahmatullah. Admin barka da aiki, ya gida, ya Iya, ya ƙarin haƙurinmu..."

Kun san halinmu. Ba ma faɗa wa mutum magana sai mun gaishe shi, mun gaida gidansu. Ita ma haka ta yi, sai gaisuwar ta cinye layin da ido ke gani. Shi kuma a safiyar nan kaɗai ya share saƙon sallama sun fi arba'in.

Amma kada mu yi masa ƙarya, ya gane sunanta. Ya ja tsaki ya ce, "Matar nan da ƙorafin wayarta." Ya danna ya toshe ta, ya ce a ransa in an gama shara ya buɗe ta. Wanda aka toshe ba ya iya shiga dandali, ita kuma ba ta da lambarsa.

Asabar da hantsi, a shagon Kabo, ya yi bismillah ya danna. Minti huɗu aka yi. Da ya sake buɗe dandalin, fes, ko tallan caca ɗaya babu. Kabo ya tafa masa a kafaɗa, ya sayo masa kunun aya mai sanyi ya ce, "Yau sarkin shara ya yi ritaya."

Bai kai rabin gorar ba saƙo ya shigo daga wani ɗan Zango: "Admin, ina darasi na tara ya shiga?"

Wani ya biyo: "Ni ma ba na ganin na farko."

Zakiyyu ya buɗe sashen darussa. Fari fat. Ya rufe ya sake buɗewa. Ya rubuta sunan yayansa a wajen nema, dandalin ya amsa masa cewa babu mai wannan suna.

Sai a lokacin ya tuna. Bayan rasuwar ya cire wa akawun ɗin Ma'aruf matsayin admin, don tsoron kada wani ya sace shi, ya mayar da shi na gama-gari. Kowane darasi kuma Ma'aruf yakan sa masa linki zuwa na baya, da na gaba, da inda za a sauke kayan aiki. Sun haura ɗari shida. Shigowa kuwa, wata takwas ke nan bai shigo ba.

Abin da bai taɓa zuwa ran Zakiyyu ba ke nan. A wajensa Ma'aruf bai taɓa barin rumfar ba. Kullum yana ganin sunansa, kullum yana jin muryarsa, kullum yana kai wa Iya labarin baƙinsa. Ita kuwa kwamfuta ba ta san mutuwa ba, ba ta san kewa ba. Mutum ta gani da linki da yawa wanda ya daina zuwa.

Kabo ya ce a hankali, "Kwafin ajiyar. Buɗe shi."

Fayil ɗin yana nan, da kwanan watan jiya a jikinsa. Zakiyyu ya buɗe. Babu komai a ciki. Ashe tun ranar da ya canza kalmar sirri bayan rasuwar, manhajar kwafin ba ta iya shiga rumbun dandalin. Duk Juma'a sai ta ajiye fanko a kan na makon da ya wuce. Shi kuma kwanan wata kawai yake kallo, bai taɓa buɗewa ba ko sau ɗaya.

Ya rubuta wa kamfanin da ke riƙe musu dandalin, suka ce a tsarin da rumfar take kai, ajiyar kwafi aikin mai dandali ne. Ya roƙi ƴan rumfa, duk wanda ya adana wani abu ya turo. Aka turo hotunan allo guda tara, rabi-rabi. Kowa ya ɗauka darussan suna nan har abada, kamar rijiyar unguwa.

Can ya tuna da saƙo bakwai. Ya shiga wajen waɗanda aka toshe ya buɗe na farko. Bayan gaisuwar ga abin da ta rubuta:

"Na ga sanarwarka. Don Allah ka duba ƙa'idar nan kafin gobe. Malam Ma'aruf, Allah ya jiƙansa, ya daɗe bai shigo ba, kuma darussansa cike suke da linki. Na lura alamar admin ma ta fita daga jikin sunansa. Ina tsoron kada tsintsiyar ta haɗa da shi. Ka yi haƙuri in na yi shisshigi, ni ƴar koyo ce."

Ya buɗe na biyu. Ya buɗe na uku. Har bakwai ɗin ya karanta, ko da yake ya san magana ɗaya ce. Kabo ya tashi ya kashe rediyon shagon, ya fita waje ya tsaya.

Da La'asar Iya ta ɗago daga kan farantinta ta ce, "Yau mutum nawa suka je wajen yayanka?"

Ya ce, "Babu sabis yau, Iya."

Washegari ma haka ya ce mata.

Ya buɗe Malama Adawiyya ya ba ta haƙuri da duk kalmar da ya sani. Amsarta gajera ce, ta fito sau biyar: "Ka zo Baure in kana da hali. Akwai abin da zan nuna maka."

Ranar Litinin ya shiga motar haya. Ya same ta a ƙarƙashin bishiyar bedin makaranta lokacin hutun tara, da ƙura ta alli a hannun hijabinta. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta ce, "Tashi, Admin. Ai kai ke da babban rashi."

Ta ciro littattafan rubutu guda uku daga jaka, irin na ɗalibai. Ta ce, "Sabis ɗinmu ba shi da alkawari. In ya zo sai in yi sauri in kwafe darasi da biro, don in samu na rubuta wa yara a allo. Ashirin da uku na samu kwafa."

Zakiyyu ya karɓa da hannu biyu. Rubutunta mai kyau ne, komai a jere, bayani da misali, ko ɗigo bai ɓace ba. Ya yi ta buɗe shafi yana nema. Sai ya ɗago ya ce, "Malama, ina maganganunsa? Inda yake zolaya, inda yake ba da labari?"

Ta sunkuyar da kai. "Na tsallake su. Sauri nake kafin sabis ya ɗauke, sai na ɗauki aikin na bar hirar. Ban san wata rana hirar za a nema ba."

Ya ci gaba da buɗewa. A littafi na biyu, a gefen shafi, da jan biro, ya ga layi ɗaya: "Ɗan uwa kada ka tsorata, ni ma a nan na faɗi sau uku."

Ta ce, "Wannan kam na rubuta. Ranar na yi niyyar daina koyon ne, shi ya tsayar da ni."

Ya rungume littattafan a ƙirji, ya juya mata baya don kada ɗalibai su ga fuskarsa.

Da ya dawo Daura an yi La'asar. Iya tana kan tabarmarta. Kafin ta tambaya ya zauna a gabanta ya faɗa mata gaskiya duka, bai ɗora wa masu shara ba, bai ɗora wa kwamfuta ba. Ya ce, "An gargaɗe ni sau bakwai, Iya. Ban buɗe ba."

Ta ajiye farantin waken gefe. Sannan ta ce, "Ashe sau biyu za a fitar min da shi daga gidan nan."

Da ta ga yana kuka sai ta miƙa hannu ta dafa kansa ta ce, "Allah ya san abin da ya rubuta. Shi ba ya gogewa." Ta tashi ta shiga ɗaki.

Zakiyyu ya yi kwana goma sha ɗaya yana mayar da darussan ashirin da uku, harafi bayan harafi, da sunan Ma'aruf a kansu da na Malama Adawiyya a ƙasa. Sauran ɗari da casa'in da ɗaya ya gwada rubuta su daga ƙwaƙwalwa. Aikin yana fitowa daidai, amma in ya karanta sai ya ji kamar miyar da ba a sa wa gishiri ba. Mutane da yawa sun bar rumfar. Ita kuwa tangarɗar da ke maimaita saƙo, wadda ya yi wa baiwar Allah dariya a kanta, da ya zauna gyara ta bai cika minti ashirin ba.

Yanzu ba ya share saƙo sai ya karanta shi har ƙarshe, ko da na caca ne. Ya sa Malama Adawiyya cikin masu kula da dandali. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci yakan kwafe komai da hannu, ya buɗe ya gani da idonsa.

Har yau kullum bayan La'asar yakan duba mutum nawa suka karanta. Wata rana shida, wata rana huɗu. Sai ya shigo gida da adadin a bakinsa, ya zauna kusa da tabarmar Iya yana jira.

Ba ta sake tambaya ba.

Darasi: Kada ka raina mai yi maka gyara don ka fi shi sani, kuma kada ka yanke hukunci a kan maganar da ba ka ji ƙarshenta ba. Gaggawa da girman kai suna iya rushe cikin minti huɗu abin da wani ya gina da sauran numfashinsa, kuma ba kowace ɓarna ce ba da haƙuri ke gyarawa ba. In amanar wani tana hannunka, duba sau biyu kafin ka danna. Ku tura wa ƴan uwa, musamman masu riƙe da shafuka da dandali, ku kuma sa mamatanmu a addu'a. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.